Sukarin da Bihi Ya Fasa

Amya goma sha ɗaya, awaki huɗu, da ƙane guda, iyakar abin da Ijja ta mallaka ke nan a ƙauyen Tazzult. Ga macen da mijinta ya rasu, tana zaune a kan dutsen da ko sha'ir sai ya ga dama yake tsirowa, wannan ba ƙaramar dukiya ba ce. Awakin na madara ne. Amyar ƙudan zuman kuwa su ne garin gurasa, su ne mai, su ne ganyen shayi da maganin ciwon gwiwa. Ƙanen, Bihi, shi ba ta taɓa sa shi cikin lissafin riba ba. Nata ne kawai.

Tana da shekara goma sha biyu uwarsu ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Ita ta goya shi, ita ta tauna masa gurasa, ita ta riƙe ƙafafunsa ranar kaciya. Da aka kai ta gidan mijinta Addi mai zuma, yaron ya yi ta kuka har sai da aka ƙyale shi ya bi ta. A gidan Addi ta koyi sana'ar: yadda ake saƙa amya da karan rafi, doguwa kamar ganga, a shafe ta da laka da kashin shanu, yadda ake tura hayaƙi, yadda ake yankan saƙa a bar wa ƙudan rabonsu na lokacin sanyi. 'Ya ɗaya ta raya, tana aure a Kasablanka. Da Addi ya rasu, 'yan'uwansa suka raba gona, suka bar mata amya shida, don babu mai sha'awar harbi a cikinsu. Ta kwaso su ta dawo gidan ubanta, inda Bihi yake zaune da matarsa Zaina. Ɗakunan gabas nata, na yamma nasu, tsakar gida ɗaya, murhu biyu. Murhu biyun nan ita ta nace a kansu. Ta ce muddin ƙudanta na tashi, ba za ta zauna tana jiran a miƙo mata kwano ba.

Shidan nan ta mayar da su sha ɗaya da hannunta. Shekarar da aka samu ruwa, kowace amya tana ba ta kilo biyar, ta ɗura a kwalabe ta sauka da su kasuwar Laraba, kafin azahar ta sayar ta yi cefanenta.

Sai ruwa ya ƙi zuwa shekara biyu a jere. Furen da ƙudan ke ci ya ƙone tun bai buɗe ba. A nan Bal'id ya shigo maganar. Bal'id shi ne mai a-kori-kura, kuma motarsa kaɗai ce ke hawowa Tazzult. Mara lafiya, buhun siminti, amarya, duk ita ke ɗauka. In bazara ta yi yakan kwashi amyar mutane ya hau da su can ƙololuwar dutse inda ciyawar za'atar mai ƙamshi ke fure, ya kula da su, in an yanka zuma ya ɗauki kashi ɗaya cikin uku. A ƙofar gida suka yi maganar, aka shafa Fatiha, shi ke nan. Ba wanda ya yi zancen takarda, don neman takarda wurin mutumin da kuke sallah sahu ɗaya zagi ne. Da asuba kafin ƙudan su fita aka toshe bakin amyar, Bihi ya yi ta ɗauka yana ɗorawa, Ijja tana tsaye tana ƙirgawa har sha ɗaya.

Tsakiyar bazara Bal'id ya ɗauki Bihi aikin yini guda a kan dutsen. Bihi ya dawo da kumburarren kunne yana dariya.

“Yaya, bana kin yi arziki. Na ɗaga amyarki ɗaya sai da bayana ya amsa. Na buɗe uku, saƙa har baki. Wannan harbin ma naki ne, sun gane ni ɗan gida ne.”

“Da sun gane ka ɗan gida ne da sun ƙara maka biyu,” in ji ta, ta shafa masa tafarnuwa a kunnen.

Lokacin yankan zuma ya zo, Bal'id ya iso ƙofar gida hannu rabbana, fuska a sunkuye. Wai ciwo ya shiga ƙudanta, sun mutu kaf, sha ɗayan. Da ya ga amyar sun zauna fanko sai ya zuba nasa ƙudan a ciki don kada su lalace. In ya samu wasu zai dawo mata da kayanta. Ya ce haƙuri, ya ce ƙaddara, ya ce Allah ya mayar da alheri.

“Naka fa, Si Bal'id?” in ji ta, da Si ɗin girmamawa da ake sa wa namijin da ba na gida ba.

“Nawa Allah ya tsare, Lalla Ijja,” ya amsa, shi ma da laƙabin da ake girmama mata da shi.

“Ciwon ya san sunana ke nan.”

Ranar Laraba ta sauka kasuwa ba ta da abin sayarwa. Ta tsaya nesa da rumfar Bal'id tana ƙirga kwalabe. Bara, da amyarsa ashirin, bai jera fiye da saba'in ba. Bana, da farin ya ƙara tsanani, ta ƙirga ɗari da goma sha huɗu, ban da na cikin kwali.

Rƙiyya mai ƙwai ce ta taɓo ta. “Ke Lalla Ijja, nan za ki tsaya kina ƙirga kwalaben mutum har idonki ya tsiyaye? Ga ƙaramar kotu can a ofishin gunduma, alƙali na zama duk ranar kasuwa.”

“Ni da kotu? Da wane kuɗin lauya?”

“Wane lauya? Ba lauya, ba kuɗin shigar da ƙara, ko rubutu ba sai kin iya ba. Da bakinki za ki faɗa a rubuta. Ni nan da kike gani na kai mai gidan abinci a kan ƙwai tire takwas. Wata bai cika ba ya biya, yana biya yana tsine mini.”

Ijja ba mai jan ƙafa ba ce. A ranar ta shiga. Magatakardan kotun, wani mai tabarau da ke cin gyaɗa daga aljihu, ya saurare ta tsaf, sannan ya tambayi ƙimar kayan. Ta faɗa masa: amya mai ƙuda dirhami ɗari shida, sau sha ɗaya, ga kuma zumar shekara.

Ya ajiye biro. “Inna, kin fi ƙarfinmu. Mu nan dubu biyar ne iyakarmu. Abin da ya haura, sai babbar kotu a Tarudant, ki biya kuɗin ƙara, ki nemi lauya, ki yi ta zirga-zirga wataƙila shekara.”

Ta yi lissafinta a tsaye. Shekara ba zuma, ga kuɗin mota, ga lauya; awaki huɗun ba za su ga ƙarshen shari'ar ba. “Cire zumar,” in ji ta. “Ya sha, Allah ya isa. Ƙudana nake so. Rubuta dubu biyar, na yafe abin da ya haura, ko ya dawo mini da su da ransu.”

“To, amma ki sani, hukuncin nan in an yanke an yanke, ba a ɗaukaka ƙara. Kina da takarda?”

“Babu.”

“Shaida fa?”

“Ƙanena. Ya gan su da idonsa, har sun harbe shi.”

“Zai zo?”

Ta dube shi kamar ya tambaye ta ko hannunta zai biyo ta. “Ni na goya shi,” ta ce.

Da mai unguwa ya kai wa Bal'id sammaci, Tazzult ta ɗauka. Wasu suka ce ta kyauta, amma a cikin ɗaki suka faɗa. A waje kuwa cewa ake mace ta kai mai motar gari gaban hukuma, in ya yi fushi ya daina hawowa, wa zai ɗauki mai naƙuda? Liman ya aiko a ce mata ta yi haƙuri. Ta ce a gaya wa Malam haƙurin ba ya yin zuma. Bihi shi dai in ta tuna masa ranar sai ya ce, “Ina sane, Yaya.”

Ana gobe zama ta tafi rafi wankin ulu, ta yini can. Da ta dawo ta tarar da shimfiɗar baƙi a rataye a igiya, Zaina kuma na ɗauraye kofunan shayi. Ijja ta ƙirga tara.

“Baƙi aka yi?”

“Mutanen masallaci ne suka biyo,” in ji Zaina, ba ta ɗago ba.

Da safe Bihi ya leƙo ɗakinta da kansa. “Yaya, yau kada ki hura wuta, zo mu karya tare, tafiya ce a gabanmu.” Ta ji daɗi har cikin ranta. Ga gurasa mai zafi, ga man zaitun, ga shayi da na'a-na'a. Shi ya zuba mata da hannunsa, yana ɗaga buta sama har kumfa ta taso. Ta sha kofi uku.

“Zaina, yau hannunki ya saki da sukari,” in ji ta. “Ko an yi gado ne ban sani ba?”

Ba wanda ya yi dariya, ta ɗauka fargabar kotu ce.

Motar Bal'id na ƙofar masallaci tana lodin 'yan kasuwa, suka wuce ta a ƙafa har bakin kwalta. Ta biya musu kujera biyu a tasi.

Ɗakin shari'ar bai fi ajin makaranta ba: benci shida, tebur, alƙali matashi mai alamar gajiya, magatakarda a gefensa. Aiki ake yi ba wasa. Tela da ya gajarce wa wani jallabiya, aka ce ya biya kuɗin yadi. Akuyar da ta cinye dashen maƙwabci, masu ita suka sasanta nan take. Ijja tana kallo zuciyarta na ƙara ƙarfi; wuri ne da ake gama magana. Aka kira su na biyar.

“Doka ta ce kafin in saurari kowa sai na nemi sulhu,” in ji alƙali. “Ku 'yan gari ɗaya ne. Ba za ku daidaita ba?”

Bal'id ya dafa ƙirji. “Allah ya gafarta Malam, ai mun riga mun daidaita. Ni na yi mamaki ma da na gan ta. Jiya na je gidansu da liman da dattawa shida, na kai dunƙulen sukari. Mai gidan ya karɓa, ya fasa a gabanmu, aka sha shayi aka shafa Fatiha.”

Benci ya ɗauki guna-guni. Duk wanda ke ɗakin ya san abin da wannan ke nufi. Dunƙulen sukarin nan dogo mai tsini, naɗe a shuɗiyar takarda, shi ake kaiwa in an je ba da haƙuri. Wanda aka ɓata wa yana da ikon mayar da shi muddin yana ɗungurum. In aka fasa aka sha, gidan ya yafe, kuma babu ɗan gidan da zai sake buɗe baki a kan maganar.

“Ƙarya ne!” in ji Ijja. “Ni ban ga sukarin kowa ba.”

“Ba ki gani ba, Lalla Ijja, amma kin sha,” in ji Bal'id a hankali. “Tambayi ƙanenki da me aka haɗa shayin safiyar yau.”

Ta waiwaya. Bihi na zaune a benci na biyu yana kallon takalmansa. Ba ta buƙaci ya ce komai ba. Zaƙin nan ya dawo mata a harshe.

Alƙali ya buga tebur da yatsa. “Ku saurara. Ni doka ba ta ba ni sukari in yi hukunci da shi ba. Ƙarar ta wannan baiwar Allah ce, ba ta ƙanenta ba. Inna, ke da bakinki, kin yarda da sulhu?”

“Ban yarda ba, ranka ya daɗe.”

“Shi ke nan, babu sulhu. Shi Bal'id ya amsa cewa amyar naki ne. Abin da ya rage, ƙudan sun mutu ko suna raye. Kawo shaidarki.”

Bihi ya taso kamar an ɗaura masa dutse a ƙafa. Alƙali ya tambaye shi ko ya hau dutsen. Ya ce ya hau. Ya ga amyar yayarsa? Ya gani. Da ƙuda a ciki?

“Ranka ya daɗe, amya da yawa ne a wurin. Ga hayaƙi. Ba zan iya rantsuwa wanne ne na wa ba.”

“Bihi,” in ji Ijja, muryarta ba ta ko tashi ba. “Kunnenka fa? Wa ya shafa maka tafarnuwa?”

“Ƙuda duk ƙuda ne, Yaya.”

Alƙali ya dube shi ya daɗe, irin duban wanda ya saba ganin haka. Sannan ya juya ga Ijja. “Ba takarda, ba shaida. Abin da ya rage miki ɗaya ne, ki nemi ya rantse. In ya ƙi, kin ci. In ya rantse, magana ta ƙare.”

Ta nema. Har lokacin tana da sauran zato cewa mutumin da ke sahun gaba a masallaci ba zai iya ba. Bal'id ya ɗaga hannu ya rantse da Allah cewa ƙudanta sun mutu, ko ƙifta ido bai yi ba. Aka rubuta hukunci: ya mayar mata da amyarta sha ɗaya fanko, ba ya bin ta, ba ta bin sa. Aka kira na shida.

A bakin ƙofa Bihi ya cim mata.

“Yaya, ki tsaya ki ji. Liman ne fa a gaba, da dattawa shida. A tsakar gidana. In ce musu su ɗauki sukarinsu su fita? Da wane ido zan shiga masallaci?”

“Ba sai ka kore su ba. Ka ajiye shi yadda yake, ka ce mai maganar tana rafi. Ni da na dawo da kaina zan kai masa abinsa har gida. Wa ya sa ka fasa?”

Ya kau da kai, ita kuwa ta ci gaba.

“Ka fasa don ka san zan mayar. To, na ji, ka ji tsoron dattawa. Da ka faɗa mini jiya, da na san ba ni da shaida, na janye ƙarata na nemi wata hanya. Ka bar ni na shigo nan inda ba a dawowa. Ka zaunar da ni, ka zuba mini da hannunka. Har uku, Bihi. Ina yaba wa matarka.”

“Cewa suka yi in kin sha zuciyarki za ta sauko.”

“Su suka ce. Kai fa me ka ce?”

Kafin ya amsa, a-kori-kurar ta tsaya gabansu. Bayan motar cike da mutane da buhuna, amma kujerar gaba, wadda ko mai unguwa sai ya roƙa, babu kowa a kanta. Bal'id ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar.

“Si Bihi, bismilla. Lalla Ijja, abin da ya wuce ya wuce, akwai wuri.”

Bihi ya dubi ƙofar, ya dubi yayarsa. “Yaya, rana ta yi zafi, ga gwiwarki.”

Ta gyara lulluɓinta ta nufi tashar tasi. Ba ta waiwaya ba, amma ta ji ƙarar rufe ƙofa, kuma da motar ta wuce ta, ta ga gwiwar hannun Bihi a taga.

Hukunci dai an cika shi. Cikin makon aka sauke mata amya sha ɗaya a ƙofar gida, ta ƙirga sun cika. Ta buɗe ta farko. Gurbin saƙar ɗanye ne, sabon yanka, zuma na naso a jikin kara, ga wasu ƙudan da hayaƙi ya bugar suna rarrafe a ciki suna neman uwarsu. Ta ɗauke ta ta kai tsakar gida ta ajiye gaban Bihi yana alwala.

“Ga matattun nan. Duba, suna tafiya.”

Ya ci gaba da wanke ƙafa ɗaya har ruwan butar ya ƙare.

Ta koma wurin magatakarda da amyar a ka. Ya leƙa, ya girgiza kai, ya ce ai ya gaya mata tun farko. Ya miƙo mata gyaɗa.

Sanyin shekarar ya zo mata ba gari ba mai. Ta sayar da akuya biyu. Ranar Juma'a Zaina ta aiko da akushin kuskus da nama a kai, Ijja ta mayar da shi a rufe, da godiya. Ta sa aka fasa mata ƙofa ta bayan ɗakinta, ta ɗauko amyar nan fanko ta jera su a tsakar gida, ɗaya kan ɗaya, daga bango zuwa bango, ta shafe da laka. Tsayinsu bai kai kafaɗa ba, ana iya hango juna, amma ba a tsallakewa.

Yanzu tana aiki a ƙungiyar matan da ke fasa ƙwallon argan, itacen da ake tatsar mai daga 'ya'yansa, a ƙasan dutse. Ana biya da kilo, kuma a cikin mata ashirin da uku ita ce ta biyu wajen sauri, tana harin ta ɗaya. Yatsunta duk sun fashe. Ta ce in ta tara na amya biyu za ta saya, kuma ko fari zai kashe su a kan rufin ɗakinta za su mutu tana gani. Motar Bal'id ba ta sake shiga ba. Da gwiwar nan take sauka, da ita take hawowa.

Bihi yana gaya wa mutane yayarsa ta cika riƙo, a kan shayi kofi uku ta yanke zumunci. Ba ta yanke ba. Da matarsa ta haihu ta je barka da turmin yadi, ta zauna daidai yadda maƙwabta ke zama, ta tashi lokacin da suka tashi. Abin da ya canza ɗaya ne, kuma shi ya fi ci masa rai. Kwanan baya ya tare ta a sabuwar ƙofarta tana ɗaura takalmi za ta sauka aiki.

“Yaya, wai har yaushe?”

“Lafiya lau, Si Bihi,” in ji ta, da ladabin da take yi wa mai sayen zuma. “Ya iyali? A gaishe su.”

Ta ja ƙofarta ta sa kwaɗo, ta kama hanya, don an ce wadda ta riga zuwa ita ke zaɓar buhu mai manyan ƙwallo.